Idan Gari Ya Rasa Likita, Alhakin Yana Wuyan Wa?

 

Ya ku 'yan'uwana samari, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata jana'iza ce da na halarta da damina, a wani ƙauye cikin ƙasar Kebbe. Yarinya ce, ba ta cika shekara 20 ba, haihuwarta ta fari. Naƙuda ta kama ta tun magariba, aka yi ta jiƙe-jiƙe a gida har tsakar dare. Da abin ya ƙi, aka kai ta ɗakin shan magani mafi kusa. Malamin asibitin ya duba, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai an yi mata aiki. Aka nemi mota da ƙyar, aka tafi wani asibiti, aka tarar likita guda ne, shi ma yana ɗakin tiyata da wata matar. Aka ce su wuce Sakkwato. Ba ta kai ba.

Da muka dawo daga maƙabarta kowa yana cewa kwananta ne ya ƙare. Sai mijinta, saurayi kamar ku, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, idan kwana ne, ke nan ba laifin kowa?" Ban ba shi amsa mai gamsarwa ba a ranan nan, don wurin ta'aziyya wurin haƙuri ne. Amma tambayar tana da hakkin a amsa ta, kuma ga amsar gwargwadon abin da Allah Ya sanar da ni.

AJALI GASKIYA NE, AMMA BA YA WANKE SAKACI

Babu Musulmin da ke shakkar cewa kowane rai yana da ajalinsa, ba ya gaba ba ya baya. Wannan aƙida ce. To amma ka lura, ya ɗan'uwa: wanda aka kashe da wuƙa, shi ma a kan ajalinsa ya mutu. Duk da haka Shari'a ta ajiye ƙisasi ga mai ganganci, ta ajiye diyya ga mai kuskure. Babu alƙalin da zai sallami mai kisa don ya ce ai kwanan mamacin ne ya ƙare. Ajali yana cikin sanin Allah, mu kuwa abin da za a tambaye mu shi ne abin da aka umurce mu da shi, mun yi ko mun bari.

Ku tuna da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, a shekara ta 18 bayan Hijira, sa'ad da annoba ta auku a ƙasar Sham. Ya taso daga Madina, da ya sami labari a hanya sai ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a koma. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara ya ke yi. Umar ya nuna masa cewa tafiyar da komowar duk cikin ƙaddarar Allah su ke, ya buga masa misali da makiyayi wanda ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe. Duk inda ya kai dabbobinsa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Mu mutanen Kebbe da Tambuwal, manoma da makiyaya, wannan misali ba ya bukatar a yi mana sharhinsa. Ba mu taɓa ganin wanda ya ƙi shuka gero ya ce arziki na Allah ne ba. Don me sai wajen ran matanmu da 'ya'yanmu mu ke tuna ƙaddara mu naɗe hannu?

MA'ANAR FARLU KIFAYA

Malamai sun kasa farilla gida biyu. Akwai farlu aini, wanda ke kan kowane baligi, kamar salla biyar da azumin Ramalana. Akwai farlu kifaya, wanda ke kan jama'a baki ɗaya: idan waɗansu suka tsaya da shi har ya wadatar, ya faɗi daga kan sauran, idan ba a tsaya da shi ba, duk mai ikon yin wani abu a kai ya shiga zunubi. Misalin da kowa ya sani shi ne sallar jana'iza.

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, watau 1111, ya lissafa ilmin likita cikin farlu kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumid Din. Har ya yi kukan cewa a zamaninsa akwai garuruwan Musulmi da yawa da ba su da likita Musulmi ko guda, alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani na fiƙihu, ya kuma yi zaton dalilin shi ne fiƙihu na kai mutum ga alƙalanci da muƙami. Ni da na yi karatun addini a jami'a, wannan magana ni ta fara suka kafin ta soki kowa.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke kuskure. Sai ka ji an ce, ai akwai likitoci Musulmi a Kano da Kaduna, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ke nan farillar ta faɗi. To, ka gaya mini: idan mutum ya rasu a Kuchi ko Girkau, aka bar gawarsa ba wanka ba salla, sallar da mutanen Kano suka yi wa mamatansu za ta ɗauke wa mutanen Kuchi zunubi? Ba za ta ɗauke ba. Kalmar kifaya ma'anarta isarwa, kuma a inda bukata ta ke a nan a ke auna isarwa.

Ga wani misali daga babin tsarki. Mai salla idan ruwa ya yi masa nisan da ba zai kai gare shi ba sai lokaci ya fita, malamai suka ce hukuncinsa hukuncin wanda ba shi da ruwa, ya yi taimama. Haka likitan da mara lafiya ba zai iya kai gare shi ba kafin cuta ta gama da shi, a hukuncin babu ya ke. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa 2 in ba a tsayar da shi ba. Sanƙarau yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne a kan kwalta, balle mutumin ƙauyukan Kebbe da zai fara ratso laka kafin ya ga kwaltar. Likitan da ke Sakkwato, Allah Ya saka masa da alheri, bai ɗauke wa Kebbe farillarta ba.

HALIN DA A KE CIKI

A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitocin da ke da lasisin aiki a Nijeriya wajen 55,000 ne, kuma kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata. Ya ce wajen 7,600 suna Legas, wajen 4,700 suna Abuja. Ka haɗa ka gani: fiye da kashi ɗaya cikin biyar na likitocin ƙasa suna wurare biyu tak.

Mu yi lissafi irin na kasuwa. Mutanen Nijeriya sun haura miliyan 200. In ka raba su ga likita 55,000, kowane likita ya tashi da mutum wajen 4,000. A ƙidayar 2006 Ƙaramar Hukumar Kebbe tana da mutum 124,658, Tambuwal tana da 224,931, kuma tun daga lokacin an hayayyafa ƙwarai. Da an yi rabon adalci, ko da da tsohuwar ƙidayar nan, Kebbe kaɗai ta cancanci likita wajen 30, Tambuwal fiye da 50. Kai da ka ke zaune a ƙasar, ka ƙirga likitocin da ka sani da yatsunka, ka ba kanka amsa.

ABIN DA WANNAN KE JAWO WA MARA LAFIYA

Na farko, jinkiri. Cutar da a ke iya kashewa da allura tun tana ƙarama sai ta girma kafin a kai ga mai gane ta. Doguwar naƙuda da ba a yi wa aiki a kan lokaci ba, in uwa ta tsira, sau da yawa jariri ba ya tsira, ita kuma a bar ta da yoyon fitsari, miji ya guje ta, kishiya ta toshe hanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata wajen 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in duk matan da suka rasu ta wannan hanya a duniya.

Na biyu, gajiyar likita. Mutum guda da zai duba layin marasa lafiya tun safe, ya zaga ɗakunan kwanciya, a tashe shi tsakar dare don tiyata, gobe ma haka, jibi ma haka, ba zai iya sauraren kowa yadda ya kamata ba. Minti biyu ya sallame ka. Sai mu fito muna cewa likitocin zamani ba su da tausayi, alhali mun ɗora wa jaki guda kayan ayari.

Na uku, kuma wannan ya shafi aƙida kai tsaye: inda likita ya yi ƙaranci, kasuwar boka ta ke ci. Uwar da ɗanta ke sanƙarewa a hannunta ba za ta zauna ba, za ta nemi duk wanda ya ce yana da magani. In ba ta faɗa hannun mai kyamis da ke allura ba da sani ba, ta faɗa hannun wanda zai ce mata iska ce, a kawo baƙin bunsuru. Muna hawa mumbari muna tsine wa bokaye, kuma daidai ne a yi gargaɗi a kansu. Amma wanda ya rufe wa mutane ƙofar haram, wajibi ne ya yi ƙoƙarin buɗe musu ta halal.

Na huɗu, talauci. Tafiyar jinya zuwa Sakkwato ko Birnin Kebbi kuɗin mota ne, da abinci, da masauki, da barin gona a tsakiyar aiki. Mutum ya sayar da rago, ya sayar da hatsin da zai ci, wani har gona. Wanda ba shi da abin sayarwa sai ya mai da mara lafiyarsa ɗaki ya ja tasbaha.

A bazarar 2025 sanƙarau ya shiga Gwandu da Jega da Aliero a Jihar Kebbi, ya shigo mana Tambuwal. Cikin waɗanda suka kawo ɗauki har da ƙungiyar likitocin nan ta duniya da a ke kira MSF. Mun gode musu, kuma wanda bai gode wa mutane ba bai iya godiya ba. Amma mu ji kunya kaɗan: mutane sun ƙetaro ƙasashe don su tsaya kan yaranmu, mu kuwa kukan da Gazali ya yi shekara 900 da suka wuce har yanzu bai bushe a kanmu ba.

YADDA MAGABATA SUKA YI

Kada wani ya ce tura likita ƙauye dabarar Turawa ce. A Bagadaza, zamanin Halifa Muƙtadir, wanda ya yi mulki daga 908 zuwa 932, waziri Ali bin Isa ya rubuta wa babban likita Sinan bin Sabit ya tuna masa da mutanen karkara, waɗanda ke ciwo ba mai duba su. Ya umurta a tashi likitoci da akwatunan magani su riƙa zaga ƙauyuka, su zauna kowane wuri gwargwadon bukata sa'an nan su wuce gaba. Wannan waziri ya gane cewa asibitocin Bagadaza ba su isar wa mutumin ƙauye ba.

A nan gida kuwa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, duk da nauyin daula da yaƙe-yaƙe, ya zauna ya wallafa littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Shi ne kuma ya ƙarfafa tsarin ribaɗi, watau zaunar da mutane a garuruwan bakin iyaka don tsaron jama'a, shi kansa ya zauna Wurno har ya rasu a can. Ɗan'uwansa Buhari ɗan Shehu a Tambuwal ya zauna. 'Ya'yan Shehu ba su taru cikin birnin Sakkwato suka bar gefen ƙasa ba kowa ba. Ba ina cewa hukuncin likitan ƙauye da na mai ribaɗi ɗaya ba ne ta kowace fuska, amma ma'anar tana kusa: mutum ya bar jin daɗin birni ya tsaya inda jama'a ba su da mai tsaya musu.

LIKITAN DA YA TAFI, YA YI ZUNUBI?

Wannan ita ce gaɓa mai wuya, kuma adalci ya wajaba a cikinta. Likitan zai ce: "Malam, na yi shekara 6 a jami'a, ban da horon da ya biyo baya. Ina da iyaye da ƙanne a wuyana. An tura ni inda ba wuta, ba ruwa, ba jinin ƙari, ba makarantar da zan sa 'ya'yana, ga 'yan bindiga a hanya. Ina kallon mutum yana mutuwa da abin da na san maganinsa amma ba kayan aiki. Saudiyya ko Ingila sun kira ni da albashin da ya ninka nawa. Kai da kai ne, za ka zauna?"

Wannan magana ba a ture ta da tsawa. Asalin tafiya neman halal halal ce, kuma ba a tilasta wa mutum ya jefa kansa ga halaka. Wanda ya bar wuri don tsoron ransa tsoro na gaskiya, ba mu da abin cewa a kansa. Sai dai akwai abu uku da ya kamata ya auna tsakaninsa da Ubangijinsa.

Na ɗaya, alkawari. In da kuɗin jama'a aka karantar da shi bisa sharaɗin zai yi musu aiki na wasu shekaru, to cika wannan sharaɗi wajibi ne, guduwa kafin cikarsa cin amana ne, ko da hukuma ba ta bi sawunsa ba. Na biyu, malamai sun ce farlu kifaya yana komawa farlu aini a kan mutum idan babu mai iya yinsa sai shi. Wanda ya iya ruwa, ya ga yaro na nutsewa, ba kowa a bakin gulbi sai shi, ba zai ce ceto aikin jama'a ne ba. Likitan da ya san shi kaɗai ne a yanki, bai kamata ya sulale dare ɗaya ba tare da ya yi iyakar ƙoƙarinsa a sami madadinsa ba. Na uku, wanda ya riga ya tafi bai kuɓuta daga hakkin garinsu ba. Yana iya ɗaukar nauyin ɗalibi, ya aiko da kayan aiki, ya zo da hutunsa ya duba mutane.

Da wannan, ba na ce wa kowane likita da ya tafi mai zunubi, ba na kuma ce masa wankakke. Abin da na tabbata shi ne, kasonsa na alhaki bai kai na wanda ke da ikon gyara wurin ya ƙi gyarawa ba.

RABON ALHAKI

Kaso mafi girma yana kan masu mulki, don su aka damƙa wa baitulmali. A 2025 Gwamnatin Jihar Sakkwato ta sanar da tsarin tura ma'aikatan lafiya karkara na tilas har shekara 2, tare da ƙarin kuɗi a kan albashi. Niyya ce mai kyau, muna roƙon Allah Ya sa a ɗore. Amma takardar turawa ba ta tsare mutum a wuri. Abin da ke tsare shi gida ne mai ruwa da wuta, da kayan aiki, da albashi a kan kari, da tsaro. Kuma a yi adalci wajen turawar, kada ɗan mai uwa a gindin murhu ya zauna birni, ɗan talaka kaɗai ya tafi ƙauye.

Sai masu dukiya. Alhaji, ka gina masallaci kusa da masallaci, ka je Umra sau bakwai, Allah Ya karɓa. Amma nafila ba ta gaban farilla. Kuɗin Umra guda zai taimaki yaro mai ƙwazo ƙwarai a karatun likita, ya gina wa ma'aikacin asibiti ɗaki, ko ya haƙa wa asibiti rijiyar burtsatse. Wannan ma sadaka ce mai gudana.

Sai mu masu wa'azi. Sau nawa muka yi huɗuba a kan wannan farilla? Mun bar yara suna zaton ilmin da a ke samun lada da shi shi ne wanda a ke karantawa a zaure kaɗai. Muna neman gafarar Allah a kan wannan.

KAI KUMA FA, SAURAYI?

In kana makaranta, Allah Ya ba ka kan lissafi da kimiyya, to ka ɗaura niyyar karatun likita don sauke wa garinku farilla, kuma ka ƙudurta tun yanzu za ka dawo. In ba ka sami wannan ba, akwai kwalejin koyon aikin jinya a nan Tambuwal, akwai ta fasahar kiwon lafiya a Gwadabawa. Likita ba ya aiki shi kaɗai, sai da nas, da ungozoma, da mai gwajin jini, da mai ba da magani.

In kana da ƙanwa ko ɗiya mai ƙoƙari, ka tsaya mata ta yi karatu cikin mutunci da sutura. Abin mamaki ne mutum ya hana ƙanwarsa makaranta, ranar da matarsa ke naƙuda kuma ya ce shi namiji ba zai duba masa iyali ba. To, daga ina macen za ta fito? Rufaida Al'aslamiyya tana da hema a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana jinyar masu rauni, kuma wurinta aka kai Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ.

In kana da aure, ka bar matarka ta je awo. Ka ba ta izini tun yau, a gaban mahaifiyarka, cewa ko ba ka nan in ciwo ya taso a tafi da ita asibiti, kada a zauna jiran dawowarka daga kasuwa ko cin rani. Ka ajiye kuɗin mota tun cikin yana wata bakwai. Ku samarin unguwa ku san rukunin jininku, ku san wa ke da mota, ku yi asusu. Ma'aikacin lafiyar da aka turo muku ku karɓe shi kamar baƙon kirki, kada ku zage shi don layi ya yi tsawo. Masu neman ƙuri'a kuma in sun zo, kafin ku karɓi komi ku tambaye su likita nawa ke asibitinku, kuma yaushe za a ƙara.

KAMMALAWA

Ga amsata ga ɗan'uwan nan da ya rasa matarsa. Na'am, kwananta ya ƙare, ba wanda ya isa ya ƙara mata minti guda, ka yi haƙuri ka nemi lada. Amma akwai farillar da aka bari a garinmu, kuma za a tambayi duk mai iko gwargwadon ikonsa: mai mulki, da mai dukiya, da mai ilmi, da ni, da kai. Aya ta 32 cikin Suratul Ma'ida ta daidaita ceton rai guda da ceton mutane gaba ɗaya. Wanda ya fahimci haka ba zai ga karatun ɗansa a makarantar likita, ko jinin da ya bayar, ko kuɗin motar da ya ajiye, a matsayin ƙaramin aiki ba.

Allah Ya jiƙan matattunmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa ma'aikatan lafiyar da suka daure suka zauna tare da mu, Ya shiryi shugabanninmu, Ya fitar mana da likitoci daga cikin 'ya'yanmu maza da mata. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina neman gafararSa.